Wake ya yi yaɗo bai yi fure ba, laifin iri ne?

Wani manomi daga Aboabo a nan Kumasi, mai gona a Ejura, ya ce ya karɓo irin wake daga dangi a Nijar, ya shuka a watan Afrilu, amma sai yaɗo da ganye, fure shiru.

Malam, irinka lafiyarsa ƙalau. Yawancin waken gargajiya na arewa ba ya fure sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen damina. Kai kuwa ka shuka lokacin da yini ke ƙara tsawo. Wannan hali a cikin ƙwayoyin gadonsa yake, domin kaka da kakanni sun daɗe suna ajiye wanda ya dace da daminarsu. Ka gwada shi a damina ta biyu, wajen Agusta, kunya biyar ko shida kawai.

Masana na iya gano inda irin wannan hali yake. Sukan tsinki ɗan ganye, su fitar da DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, su kwatanta na tsiro masu yawa har su ga wurin da masu saurin fure suka bambanta da sauran. Misali a kan gero, a Nijar an kwatanta wanda aka tattara a wasu ƙauyuka a 1976 da na ƙauyukan nan dai a 2003, bayan shekarun fari. Na baya ya fi saurin fure, zangarniyarsa ta ɗan gajarta, kuma wani nau'in ƙwayar gado mai suna PHYC, wanda ke da alaƙa da saurin fure, ya ƙaru a cikinsa. Wannan bincike yana burge ni ƙwarai, don manoma da fari ne suka yi zaɓen da kansu.

Wata Hajiya daga Asawase kuma ta tambaya ko irin da aka yi wa wannan gwaji shi ne wanda ake sauya wa halitta. A'a, Hajiya. Dubawa kawai ake yi, sannan a haɗa tsiro biyu ta fure. Haka aka yi amfani da B301, waken ƙasar Botswana, wajen samar da iri mai jure wuta-wuta, ciyawar nan da ke maƙale wa saiwar wake tana tsotse shi. Sai dai wuta-wutar ma kala-kala ce, wanda ya jure ta a Kano ba lallai ya jure ta Bawku ba. Kafin ki saya, ki je Cibiyar Binciken Amfanin Gona da ke Fumesua, ki tambaya a wane yanki aka gwada irin, kuma kwana nawa yake yi ya nuna.