Amsa kan lambar 2,147,483,647

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa wannan lamba take yawan bayyana a kwamfuta, kuma ko tana da wani matsayi a lissafi. Tana da shi sosai. Idan ka ninka 2 da kanta sau 31, ka cire 1, ita za ka samu. Kuma babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan ana danganta su da Mersenne, wani malamin Faransa. Amma kada ka ɗauka kullum haka abin yake fitowa: gwada da 11 a maimakon 31, za ka sami 2047, wato 23 sau 89.

Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Switzerland, shi ne ya tabbatar a 1772 cewa 1 da ita kanta kaɗai ke raba 2,147,483,647, da hannu fa, ba na'ura. Ni a ganina nan ne abin burgewar.

Batun kwamfuta kuwa, ita ce iyakar abin da gurbin ajiyar lamba mai bit 32 (bit shi ne wurin 0 ko 1 guda ɗaya) ke ɗauka idan an ware bit ɗaya don alamar + ko −. Shi ya sa tsofaffin manhajoji masu ƙirga daƙiƙa tun 1 ga Janairu 1970 za su cika ranar 19 ga Janairu 2038.