Filin Tambayoyinku: Wa ke da ikon sanin abin da ke cikin foldata ta asibiti?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato sirrin mara lafiya, wa ya kamata ya san ciwonka, wa bai kamata ba. Na sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Anti dan Allah ki ba ni shawara. Na je awon ciki aka ɗebi jinina, sakamako ya nuna ina da ciwon hanta nau'in B, wallahi ban ma gama fahimtar bayanin likita ba, ina isa gida na tarar uwar mijina ta riga ta sani har ta ware min kwano da kofi. Daga baya na gano wata nas ce a asibitin, ƙawar ƙanwar mijina, ita ta buga waya, kuma ba ma ita ta duba ni ba. Yanzu dangi kowa kallona yake. Me zan yi? Daga wata mai ciki a Kano.

AMSA: Ƙanwata sannu, Allah Ya ba ki lafiya Ya sauke ki lafiya. Abin da matar nan ta yi miki cin amana ne, kuma laifi ne a doka, kada wani ya ce miki ai taimako ta yi niyya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a sashe na 26 ta ce duk bayanin da ya shafi mara lafiya sirri ne, ciwonsa, maganin da ake ba shi, har ma cewa ya zo asibitin ko an kwantar da shi. Ba a fitar da shi sai ɗayan waɗannan: ke kin yarda a rubuce, ko kotu ta ba da umarni ko wata doka ta wajabta, ko yaro ne iyayensa suka nema, ko mutum baya cikin hayyacinsa waliyyinsa ya nema, ko kuma ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin babban haɗari. Kinga babu uwar miji a ciki, babu ƙawar ƙanwar miji. Sannan tunda kin ce ba ita ta duba ki ba, toh ko buɗe foldar da ta yi ma wani laifin ne daban, sashe na 29 ya tanadi ɗauri har shekara 2 ko tarar naira 250,000 ko duka biyun ga wanda ya shiga rekod ɗin mara lafiya ko ya kwafa ba da izini ba.

Ni abin da ke damuna shi ne, idan ana maganar kare bayanan marasa lafiya sai hankalin mutane ya tafi kan kwamfuta da masu kutse, alhali a wajenmu ta baki da wayar hannu abin ya fi fita. Folda ɗaya ki ƙirga hannun da take bi: mai yankan kati, mai ɗauko ta daga ɗakin kati, nas mai awon jini, likita, mutanen lab, famasi, mai karɓar kuɗi, wani lokacin ma majinyaci ake miƙa wa a ce kai ta ɗaki na gaba, yana tafe yana karantawa. A garin da kowa ɗan uwan kowa ne ko makwabcinsa ko sirikinsa, mutum ɗaya mara riƙon baki ya isa ya raba aure. Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wannan yana cikin abin da ake fara koya wa duk ma'aikacin lafiya tun yana makaranta.

Ga abin da za ki yi. Ki rubuta ƙorafi, a rubuce fa, ba ki je ki yi faɗa a baranda ba, ki sa ranar da kika je, sashen da aka duba ki, lokacin da maganar ta isa gida da kuma wanda ya ji. Ki kai wa shugaban asibitin ko shugabar nas-nas, in asibitin tarayya ne akwai ofishin SERVICOM mai karɓar koke-koken jama'a, ki riƙe kwafi ɗaya da hatimin karɓa a jiki. In suka yi shiru, nas da ungozoma suna da hukumarsu ta ƙasa da ke ba su lasisi kuma tana iya hukunta su, likita kuma MDCN, wato hukumar likitoci ta ƙasa, ake kai shi. Na san za a zo miki da a yi haƙuri, a rufa mata asiri kar ta rasa aiki. Yafiya taki ce, in kin ga dama ki yafe, amma ki bar takardar ta shiga, don wadda ta buga waya a kanki za ta buga a kan wata.

Game da kwano da kofi kuwa, ki ja mijinki ku koma wajen likita tare, in da hali har da Hajiya, a yi musu bayani. Ciwon hanta nau'in B ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko musabaha, ta jini ne da saduwar aure da kuma daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Mijinki ya yi gwaji, in ba shi da shi a yi masa rigakafi. Abu mafi muhimmanci, ki haihu a asibiti a yi wa jaririn allurar rigakafin a cikin awa 24 na farko, kuma za ki iya shayar da shi.

TAMBAYA: Malama ni na kai iyalina asibitin kuɗi, ni na biya kati, ni na biya gwaji, amma da na tambayi likita sakamakon sai ya ce sai da izininta. Wannan ba raini ba ne? Matata ce fa. Daga wani magidanci a Zariya.

AMSA: Malam ba raini ba ne, likitan aikinsa ya yi. Biyan kuɗi yana ba ka rasit, amma bayanin jikinta nata ne tunda baliga ce mai hankalinta, kamar yadda in kai ne aka gano maka wata lalurar da kake jin nauyinta, ba za ka so a faɗa wa yayanta ba don kawai shi ya biya. Kuma ka duba amfanin abin ga gidanka: mata da yawa ba sa faɗa wa likita gaskiyar abin da ke damunsu in sun san duk abin da suka furta zai fita, sai su yi ta shan jiƙe-jiƙe da maganin kemis har ciwon ya ci ƙarfinsu, a ƙarshe kai ɗin ne za ka yi ɗawainiyar.

Hanya mai sauƙi ita ce ka tambaye ta cikin lalama, ko ku shiga wajen likitan tare ita da bakinta ta ce a yi bayani a gabanka, shikenan magana ta ƙare. Akwai inda doka ta tsaya maka: dokar hana tsangwamar masu ɗauke da HIV ta 2014 ta ba miji ko mata haƙƙin sanin matsayin abokin zamansa in yana ganin yana cikin haɗarin kamuwa. Amma ko a nan ma'aikatan da suka san aikinsu sukan fara da zama da mai cutar ne, su ƙarfafa masa gwiwa ya faɗa da kansa ko a haɗa su biyun a ɗaki ɗaya. Haka gwajin kafin aure da Kano ta mayar doka a 2024, na HIV da ciwon hanta da jinotayif, sakamakon don masu auren aka yi shi, ba don a riƙa yawo da hoton takardar a guruf ɗin dangi ba.

TAMBAYA: Anti ni ma'aikaci ne, muna kan inshorar lafiya, ina karɓar maganin farfaɗiya duk wata. Tsorona kar ofishinmu su sani su ce ban dace da aikin ba. Suna ganin abin da asibiti ke turawa?

AMSA: Yallaɓai yadda tsarin yake, asibiti yana tura wa masu inshora bayani don a biya shi, sunanka, lambarka, ciwon da aka duba, maganin da aka ba ka, ko kamfanin inshorar lafiya (HMO) ne ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa NHIA ko hukumar jiha irin KSCHMA ta Kano. Wannan dole ne, ba za su biya abin da ba su gani ba. Amma ofishinku kuɗi kawai suke zubawa, ba su da hurumin ganin wannan takardar. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu tsananin sirri, wanda ya karɓa don biyan kuɗin magani ba zai juya shi zuwa wata buƙata ba, kuma akwai hukumar kare bayanai ta ƙasa NDPC da ake kai wa ƙara, har dokar ta ce in bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta cutar da su dole a sanar da hukumar cikin awa 72.

Inda za ka kula shi ne takardar hutun rashin lafiya. Ka roƙi likita ya rubuta cewa ya duba ka kuma kana buƙatar hutun kwana kaza, ba sai ya sa sunan ciwon ba. Sai dai in aikinka tuƙi ne ko hawa sama ko aiki da injin da zai iya hallaka wani, toh a nan ka zauna da likitanka ku yi magana ta gaskiya, ran mutane ba abin wasa ba ne, kuma canjin sashe ya fi a zo ana da-na-sani.

TAMBAYA: An kwantar da ɗana da mashaƙo, bayan kwana biyu sai ga ma'aikata sun zo gidanmu suna tambayar wa da wa ya yi mu'amala da shi. Wa ya ba su adireshinmu? Ba tona asiri ba ne?

AMSA: Maman yaro Allah Ya ƙara sauƙi. Asibitin ne ya ba su, kuma wajibi ne a kansa. Akwai cututtukan da dole a kai rahotonsu, irin su mashaƙo, kwalara, zazzaɓin Lassa, sanƙarau, ƙyanda, shan inna. Rahoton yana zuwa wajen jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, daga nan jiha, daga nan hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa NCDC a Abuja. Duk wanda ya ga yadda mashaƙo ya ɗauki yara a Kano a 2023 ba zai yi jayayya da wannan ba. Ki ba su haɗin kai a duba sauran yaran a yi musu rigakafi. Abin da ba su da iko da shi shi ne su tsaya a ƙofar gida suna ɗaga murya da sunan ciwon makwabta suna ji, in sun fara ki ce su shigo zaure.

TAMBAYA: An yi wa ƙanwata tiyata, sai muka ga hoton ƙarin da aka cire mata a status ɗin wani ma'aikacin asibitin, fuskarta ba ta fito ba amma ana ganin sunanta a jikin folda. Kuma tun tana kwance ɗalibai ke zagaye ta ana buɗe mata jiki ba a tambaye ta ba.

AMSA: Wannan ya ɓata min rai ƙwarai. Ku ɗauki hoton status ɗin yanzu kafin ya goge, ku haɗa da ƙorafi a rubuce kamar yadda na faɗa wa mai tambaya ta farko. Gaskiya ne likitoci suna tura wa juna hoto ta WhatsApp don neman shawarar wanda ya fi su sani, a ƙauyen da babu ƙwararre wannan yana ceton rai, amma a rufe suna da lambar folda da fuska, kuma a tambayi mai jikin tukuna. Status da TikTok kuwa babu wani neman shawara a ciki, neman suna ne da jikin baiwar Allah da ta kwanta a sume ta ba da amana.

Batun ɗalibai, asibitin koyarwa dama don haka aka gina shi, da haka aka samu likitocin da ke duba mu yau. Amma tana da ikon ta ce a ja labule, ko a rage yawansu, ko ta ce ba ta yarda maza su tsaya ba, kuma ƙin yardarta ba zai sa a hana ta magani ba. Kundin haƙƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya ambaci sirri da mutunta mara lafiya ƙarara, wasu asibitocin ma sun manna shi a bango.

TAMBAYA: Zan koma Abuja da zama, na ce a ba ni foldata suka hana. Ba tawa ba ce?

AMSA: Bayanin da ke ciki naka ne Alhaji, amma ita foldar doka ta ɗora wa asibiti ajiye ta, shi ya sa ba za su miƙa maka ita ba. Ka rubuta wa sashen rekod kana neman rahoton likita ko takardar tura ka wani asibiti, da kwafin sakamakon gwaje-gwajenka da hotunan da aka ɗauka da jerin magungunan da kake sha. Yawanci akan biya ɗan kuɗi kuma yakan ɗauki kwanaki, don haka ka fara nema tun kafin ranar tafiya ta matso. Ka je da katin shaidarka, in kuma wani za ka aika ka ba shi takardar izini da sa hannunka, in suka hana ɗan aiken da ya zo ba takardar izini kada ka yi fushi da su.