Kalmar "beat" a labarai da wasanni: duka ce ko nasara?

Tambaya: Wani mai karatu daga Zariya ya ce a makaranta an koya masa cewa "beat" na nufin duka, amma sai ya ga jaridun Ingilishi suna amfani da ita a labarin ƙwallo da na zaɓe, inda ba a taɓa lafiyar kowa ba. Yana son sanin yadda ya kamata a faɗe ta da Hausa.

Amsa: Malam, abin da aka koya maka daidai ne, domin asalin ma'anar kalmar ke nan, kuma tana nan daram a labarai. Idan rahoto ya ce jami'an tsaro sun yi wa masu zanga-zanga wannan aiki, duka ake nufi, sai a ce sun lakaɗa musu duka. A fagen gasa kuwa, ma'anarta yin nasara kawai, ko da ƙwallo ɗaya aka ci ko da bakwai.

Hausa tana da kalmar da ke tsaka-tsaki kamar haka, wato "doke". Najeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, kuma wannan jimla ba ta ƙara gishiri ba. Amma akwai wasu kalmomin da kowacce take ɗauke da nauyinta. "Lallasa" da "casa" suna nuna rinjaye mai tazara, su ne suka dace da abin da Jamus ta yi wa Brazil a Belo Horizonte a gasar cin kofin duniya ta 2014, inda aka tashi 7 da 1. A irin wannan wasa ne kaɗai ya halatta a ce an yi "dukan kawo wuƙa", maganar da ta samo asali daga dabbar da ta jigata har ana neman wuƙa a yanka ta kafin ta zama mushe. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu marubuta suke cewa an lallasa ƙungiyar da aka ci ɗaya mai ban haushi a minti na ƙarshe, alhali da ƙyar mai nasarar ta sha. Wanda bai kalli wasan ba an ba shi labarin da ba haka ya faru ba.

A labarin zaɓe an fi cewa "kayar da", wadda aka aro daga kokawa: Muhammadu Buhari ya kayar da Goodluck Jonathan a 2015. Idan kuma Ingilishi ya haɗa kalmar da wa'adi, babu duka babu kaye, sai a ce an kammala aikin kafin cikar wa'adin.

Akwai wani batu na nahawu da ya kamata mai rubutu ya kula da shi. "Audu ya doki Bala" na nufin ya kai masa hannu, "Audu ya doke Bala" kuma na nufin ya yi galaba a kansa, wasalin ƙarshe ne ya raba su. Da zarar an sa wakilin suna a wurin Bala, duka biyun sai su koma "ya doke shi". A baki karin sauti yana bambanta su, amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti. Saboda haka a labarin da ma'anonin biyu za su iya shiga, kamar na 'yan takarar da suka yi rikici a rumfar zaɓe, gara a rubuta "ya yi nasara a kansa" idan ƙuri'a ake nufi, a rubuta "ya kai masa duka" idan hannu ne ya yi aiki.