Ga baiwar Allah mai tambaya a kan mijinta soja

Assalamu alaikum. Baiwar Allah, na karanta tambayarki. Kin ce mijinki soja ne, yana bakin daga a Borno, ya zo hutu barci ya ƙaurace masa, ya ce miki ya kashe mutane kuma bai san da wace fuska zai tsaya gaban Allah ba. Kina so ki sani ko zunubi ne soja ya yi kisa a yaƙi. Na ga amsoshin da suka riga tawa. Wasu sun ce ba komai, ai aikinsa yake yi. Wani kuma ya ɗauko aya ta 93 ta Suratun Nisa'i, wadda ke maganar makomar wanda ya kashe mumini da gangan, ya dire miki ita ya yi tafiyarsa. Duk cikinsu babu wanda ya yi miki adalci. Ni tsohon soja ne, na yi Laberiya da Saliyo a rundunar ECOMOG, ta kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, kafin in yi ritaya, kuma na daɗe ina kai wannan tambaya gaban malamai saboda kaina. Abin da na gani da abin da suka karantar da ni zan faɗa miki, 'yata. Fatawa kuwa tana da masu ita.

Abu na farko da ya kamata ya zauna miki shi ne, ba a yi wa soja hisabi a dunƙule. Kowane rai da ya fita ta hannunsa da tambayarsa daban: wane ne, a wane hali yake, me yake riƙe da shi, kuma me ke cikin zuciyar mai harbin. Wanda ya fito da makami yana neman ranka ko ran mutanen da aka ba ka amanar tsaronsu, ka riga shi, wannan ban taɓa zama gaban malamin da ya ce zunubi ba ne. Allah Ya ce a Suratul Baƙara aya ta 190 a yaƙi waɗanda suke yaƙarmu, kuma kada a ƙetare iyaka, don ba Ya son masu ƙetare iyaka. Izini da iyaka a aya guda suka sauko. A cikin Sahihu Muslim wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) yadda zai yi idan wani ya zo ƙwace masa dukiya. Ya ce kada ya ba shi. Ya ce in ya yaƙe ni fa? Ya ce ka yaƙe shi. In ya kashe ni? Kai shahidi ne. In na kashe shi? Yana wuta. To wannan a kan dukiya ke nan. Ina ga wanda ya tsaya tsakanin gari guda da mutanen da suka yanka ɗalibai a ɗakin kwanansu a Buni Yadi a Fabrairun 2014, suka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban wannan shekarar, suka yi wa manoman shinkafa yankan rago a Zabarmari a 2020? Wanda ya ce sojan da ke tare irin waɗannan ya ajiye bindiga don tsoron zunubi, sai ya faɗa mana wa zai tare su.

Na san abin da ke cin yaranmu da ke Arewa maso Gabas, wanda mu bai ci mu sosai ba a Saliyo: wanda ke harbinka yana kabbara, kai ma kana kabbara. Wannan ma shari'a ba ta bar shi a buɗe ba. Suratul Hujurati aya ta 9 ta yi umarni a yaƙi ɓangaren da ya yi zalunci har ya dawo ga umarnin Allah, alhali ayar da muminai ta kira su. Sayyidina Ali ya yaƙi Khawarijawa a Nahrawan, mutane masu yawan salla da karatun Alƙur'ani, bayan sun fara zubar da jinin Musulmi, ciki har da Abdullahi ɗan sahabi Khabbab. Amma shi dai Ali ɗin ne a ranar yaƙin Raƙumi ya sa aka yi shela kada a bi wanda ya juya da gudu, kada a ƙarasa wanda ya ji rauni. Mu ma a ƙasar nan tambayar ba baƙuwa ba ce. Shehu El-Kanemi na Borno ya rubuta wa shugabannin jihadin Sakkwato yana tambayar da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi, Muhammadu Bello ya ba shi amsa a rubuce, aka yi ta musayar wasiƙu. Manyan malamai ne masu runduna a hannu, amma ba su ɗauki jini a matsayin abin da takobi kaɗai zai yanke wa hukunci ba.

Yanzu ga inda na fi so ki saurara. A iya abin da na gani, zunubin soja ba kasafai yake samunsa a lokacin da ake ruwan wuta ba. A lokacin nan ba ka ma da sararin yin mugunta, kanka da na kusa da kai kawai kake karewa. Bayan wuta ta lafa ne shaiɗan ke zuwa. Tukunyar da aka sauke daga murhu ba nan take ta daina tafasa ba, haka jikin mutum yake bayan artabu. Ga gawar abokinka da kuka ci abinci a kwano ɗaya da safe, ga kuma wanda aka kamo yana durƙushe, hannu a ka. Babu mai kallonku. A wannan ɗan lokacin ne mutum ke zama ko soja ko mai kisan kai.

Ina Firitawun, babban birnin Saliyo, lokacin da 'yan tawaye suka shigo birnin ranar 6 ga Janairun 1999. Sun ƙone gidaje da mutane a ciki, sun sare hannayen farar hula, har da ƙananan yara. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar a yi masa wa'azin dalilin da ya sa yake harbi. Da yawa daga masu ɗauke da bindigogin kuma yara ne da aka sato daga ƙauyuka aka ɗirka musu ƙwaya. Wata rana bayan an yi mana ɓarna, aka kamo ɗaya daga cikinsu, gemu ma bai fara fito masa ba, ya riga ya yar da bindigarsa. Samarinmu suka yi kansa, idanu sun rufe. Sajanmu, wani dattijo Kirista mutumin Binuwai, ya shiga tsakani ya tsaya da ƙirjinsa, ya ce duk mai son taɓa yaron nan ya fara da shi. Ya ce minti biyar da suka wuce da kun harbe shi da babu mai tambayarku, yanzu kuwa fursuna ne. Aka ɗaure yaron, aka ba shi ruwa, aka miƙa shi baya. Wasu sun yi kwanaki ba sa yi wa sajan magana. Ba ko'ina aka samu irinsa ba, don ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun rubuta rahotanni a kan kisan waɗanda aka kama a birnin cikin wannan watan, kuma ba 'yan tawaye kaɗai suka zarga ba. Na san tsofaffin sojojin da har yau abin da ke hana su barci fuskar wanda ya ɗaga hannu ce, ba ta wanda ya harbe su suka rama ba.

Abin da sajan nan ya faɗa shi ne abin da na tarar a wurin malamai daga baya. Usama ɗan Zaid, abin ƙaunar Manzon Allah (SAW), ya cimma wani mayaƙi a fagen daga, mutumin ya ce la'ilaha illallah, Usama ya soke shi don yana ganin tsoron makami ne ya sa ya faɗa. Annabi ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani, ya yi ta maimaita masa har Usama ya yi fatan a ce a ranar ya musulunta. Khalid ɗan Walid, wanda ake wa laƙabi da takobin Allah, ya kashe fursunoni daga Banu Jazima, Annabi ya ɗaga hannu ya ce ya Allah na barranta gare Ka daga abin da Khalid ya aikata, kuma ya tura Ali ya biya diyya. Waɗannan suna yaƙi ne a rundunar da babu kokwanto a kan gaskiyarta, amma gaskiyar rundunar ba ta rufe musu wannan ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi Sham: kada a kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, kada a sare bishiya mai 'ya'ya, kada a rushe wurin da ake zaune, kada a yanka akuya ko raƙumi sai don ci, a bar masu ibada a wuraren ibadarsu. Da aka koya mana yarjejeniyar Janeba ta 1949 a aji, wadda ta hana taɓa fursuna da mai rauni da farar hula, ban ji baƙon abu ba.

Sai maganar oda, wadda ita ce mafakar kowane ƙaramin soja. Tun daga Defo, makarantar horar da sabbin sojoji a Zariya, ake cusa wa kurtu cewa ya bi umarni tukuna, ƙorafi daga baya, kuma ba don haka ba da babu rundunar da za ta tsaya. Soja na ƙasa ba shi ya zaɓi yaƙin ba, ba shi da bayanan sirrin da ke hannun hafsoshi, saboda haka nauyin shawarar shiga yaƙi da zaɓen inda za a kai hari yana wuyan na sama. Amma akwai odar da ko makaho ya san haram ce: a jera waɗanda aka kama a harbe, a cinna wa ƙauye wuta saboda an kashe mana mutum a kusa da shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito kwamandan da ya fusata ya hura wuta ya ce mayaƙansa su shiga, suka ƙi, Annabi ya ce da sun shiga da ba su fito ba, biyayya a cikin abin kirki take. Malamai sun haɗu a kan cewa ko barazanar kisa aka yi maka ba ka da izinin kashe marar laifi don ka tsira, domin ranka bai fi nasa tsada ba. Dokar duniya ma tun shari'ar Nurembag bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta daina karɓar "umarni aka ba ni" a matsayin abin da ke wanke mutum. Na san ƙin bin oda a daji ba wasa ba ne, mai faɗa daga ɗaki ba zai gane ba. Duk da haka hukuncin bai canja ba.

Kuskure kuma babinsa daban. A Uhudu Musulmi sun kashe mahaifin Huzaifa cikin ruɗani, Huzaifa yana ihu yana cewa babana ne, bai hana ba, daga baya ya roƙa musu gafara. Aya ta 92 ta Nisa'i ba ta haɗa mai kuskure da mai ganganci ba, amma kuma ba ta sallame shi haka nan ba: akwai diyya ga iyalan mamaci, akwai kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Shi ya sa idan aka yi irin abin da ya faru a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, inda jirgin yaƙin soja ya jefa musu bam, ko a Tudun Biri ta jihar Kaduna ranar 3 ga Disamban 2023 inda jirgin soja marar matuƙi ya hallaka masu Mauludi sama da 80, cewa "kuskure ne" ba ta rufe magana. Sai an bincika ko an yi sakaci wajen tantancewa, sai an biya haƙƙin mutane. Jinin talakan ƙauye ba ya faɗuwa ƙasa banza a wurin Allah don kawai ba da niyya aka zubar da shi ba.

Abokan aikinmu Kiristoci ma suna fama da wannan tambayar, na sha jin suna kai ta wurin fadan Katolika ko fasto na bariki. Abin da ake karanta musu shi ne, da sojoji suka je wurin Yahaya Mai Baftisma a Luka 3:14 bai ce su tuɓe kaki ba, ya ce kada su yi wa kowa ƙwace ko ƙazafi, su ƙoshi da albashinsu. Romawa 13 kuma ta ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. Akwai ɗarikun da suka ƙi ɗaukar makami gaba ɗaya, ina girmama su, amma mafi yawa sun tsaya kusa da inda muka tsaya.

To ki koma kan mijinki. Nauyin da yake ji ba shi ne hujjar cewa ya yi zunubi ba. Ɗaukar rai abu ne mai nauyi ko da a kan gaskiya ne, kuma wanda na fi ji wa tsoro shi ne sojan da ke ba da labarin kisa yana dariya. Kada ki ce masa "ba komai", ba zai yarda ba, kuma zai daina faɗa miki. Kada kuma ki matsa masa da tambayar nawa ne ko yaya aka yi. Ki nemo masa malami masanin fiƙihu mai riƙon sirri, in da hali limamin bariki wanda ya saba jin irin wannan, su keɓe ya warware masa abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya, don shi kaɗai ya san wanne ne ke tashinsa da dare. Idan duk masu makami ne a cikin faɗa, malamin zai kwantar masa da hankali da hujja. Idan akwai na kuskure, zai faɗa masa abin da ke kansa. Idan kuma akwai wanda ya wuce haka, ƙofar tuba ba ta rufe ba, hadisin mutumin da ya kashe rai 99 ya cika na ɗari yana nan a Bukhari da Muslim, sai dai tuba daga jini tana tafiya da haƙƙin mamaci da na iyalansa, kuma malamin ne zai nuna masa hanyar sauke shi.

Rashin barcin da firgitar kuwa ki sa ya ga likitan ƙwaƙwalwa kafin hutunsa ya ƙare, asibitocin soja suna da su. Ciwo ne da ake magani, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Ki sa ido kada ya nemi sauƙi wurin ƙwaya ko kwalba, na binne abokai da wannan hanyar ta ci bayan harsashi ya bar su. Allah Ya tsare miki shi, Ya tsare hannunsa daga jinin da bai halatta ba, Ya dawo da shi gida lafiya.