Sola ko jarin albasa? Amsa ga wani Alhaji daga Agege

Wannan saƙo ya zo min daga wani ɗan kasuwa:

"Assalamu alaikum Malam. Ina harkar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, gidana kuma yana Agege, nawa ne ba haya ba. Wutar NEPA a layinmu ba ta wuce awa takwas zuwa goma, kuma ba ta da lokaci. Kullum sai janareta ya sha lita 5 a kan naira 900 kowace lita, ga juye da gyara da ba sa gaza 15,000 a wata, ga katin mita na 25,000. Uwargida tana sana'ar ƙanƙara da zoɓo da firiza biyu. Wani mai haɗa sola ya yi min lissafin miliyan 3.8: faranti 6 masu wat 550, inbata mai 5kVA, da batirin litiyam mai yunit 5, wanda shi kaɗai miliyan 1.3 ne. Ya ce in na yarda da batiran ruwa huɗu zai rage min 300,000. A jarina zan ciri kuɗin. Shin akwai riba, ko ƙawa ce kawai?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a sana'ar Hajiya.

Mutum uku za su iya sayen irin wannan kaya a shago ɗaya, rana ɗaya, a farashi ɗaya, amma ɗaya ya ci riba mai kauri, ɗaya ya samu 'yar kaɗan, na ukun kuwa ya tafka asara. Abin da ya raba su shi ne irin wutar da kowannensu yake sha kafin zuwan solar. Saboda haka mu fara sa wa kowace wuta farashinta a kan yunit, wato abin da mitarka ke ƙirgawa, kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya.

A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 a kan yunit, daga baya ya dawo 209.5 a watan Yuli na shekarar. Sauran rukunan, daga B zuwa E, an bar su a farashin da bai kai naira 70 ba. Da awannin da ka ambata, kana cikin waɗannan na ƙasa. Janareta kuwa ba ya kawo takardar bil, shi ya sa mutane ba sa ganin tsadarsa. Ƙaramin janaretan fetur irin na gida, yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi yake fitarwa daga lita guda, kuma in kayan da ke kansa ba su da yawa ya fi ɓarna, don ko fanka ɗaya ce a kunne sai ya sha mai. A naira 900 lita, kowane yunit yana tsaya maka a 600 zuwa 900, ba a sa juye da kuɗin bakanike ba. Wato wutar da ka fi biya da tsada a gidan nan ta ninka ta NEPA sau goma.

To sola fa? A sararin Legas, faranti shida masu wat 550 za su ba ka yunit 11 zuwa 12 a matsakaiciyar rana. Ka cire abin da ke salwanta a cikin waya da batir da inbata, wato na'urar da ke juya wutar faranti ta zama irin ta gida, mu ce ka mori goma. A shekara goma ya kama yunit 36,500. Ka ɗora miliyan ɗaya a kan miliyan 3.8 ɗin saboda canjin inbata da ƙananan gyare-gyare, domin faranti kan yi shekara 25 amma inbata ba ya kai wannan. Miliyan 4.8 a raba da 36,500, yunit ya tsaya a wajen naira 130. Ka ga ya fi janareta sauƙi kusan ninki biyar ko fiye, ya ɗan fi Band A sauƙi, amma ya ninka abin da kake biyan kamfanin wutar yankinku, Ikeja Electric. Wanda ke samun wuta mai araha kuma ba ya kunna janareta sai jefi-jefi, in ya sayi sola ya sayi kwanciyar hankali ne, kuɗinsa ba za su dawo da wuri ba. Kai kuwa fetur ne ke cin ka, don haka kai ne na farko a cikin mutum ukun nan. Katin mitarka kuma kada ka sa shi a lissafin riba, bar shi yadda yake, zan faɗi amfaninsa.

Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ba ta kai naira 200 ba. Lita biyar ɗinka ba ta cin dubu ɗaya a rana. Da a lokacin ka tambaye ni, da na ce ka riƙe kuɗinka. Gaskiya ne dala ma ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, kuma kusan duk kayan sola shigo da su ake yi, yawanci daga Chaina, amma farashin faranti a kasuwar duniya ya faɗi warwas a 2023 da 2024, wannan ya rage zafin.

Yanzu fetur da gyara suna cin 150,000 a wata. Ba zan yarda da mai cewa za ka sayar da janareta ba. Legas ba Kano ba ce. Farantin da zai ba ka yunit 12 a Agege zai kusa 15 a Kano ko Sakkwato, kuma a Yuli da Agusta, lokacin da hadari ke kwana ya wuni a sama, za ka ga ranakun da ko takwas ba ka samu ba. A nan katin NEPA zai yi maka rana: in dai inbatan mai karɓar wuta biyu ne, duk sa'ar da suka kawo sai ya cika batir da wutar da ba ta kai naira 70 ba. Duk da haka mu bar wa janareta kashi ɗaya cikin biyar. Abin da zai rage a aljihunka 120,000 ne a wata, miliyan 1.44 a shekara. Kuɗinka za su dawo a wata 32, wato shekara biyu da wata takwas. In fetur ya sauka lokacin zai ƙaru, in ya hau ya ragu.

Sai maganar batir, wadda a nan ne yawancin mutane ke ƙonewa. Faranti shi ne ke samar da wuta, batir rumbu ne kawai, kuma rumbu mai tsada wanda ke tsufa. Duk yunit ɗin da ka sha kai tsaye da rana bai bi ta rumbun ba, shi ne mafi araha. Duk wanda ka ajiye sai dare, ka biya masa kuɗin ajiya.

Batiran ruwa huɗu masu bolt 12 da amfiya 220, a rubuce sun haura yunit goma, sai mutum ya ga kamar sun ninka litiyam ɗin. Ganin kitse ne ake yi wa rogo. Irin wannan batir ba a shan fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, don haka biyar ne naka. Ko da kulawa, a zafin Legas da caji da saukewa kullum, shekara biyu zuwa uku ne ya fara gajiya, ga ɗawainiyar zuba masa ruwan batir. Miliyan ɗaya a raba da yunit biyar a rana na shekara biyu da rabi, kuɗin ajiyar kowane yunit ya haura naira 200. Litiyam irin wanda ake rubuta wa LiFePO4 ana shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, kuma nagarinsa yana jure caji dubu uku zuwa sama. Mu ba shi shekara takwas yana ba ka yunit 4.3 kowane dare: kuɗin ajiya ya tsaya a wajen naira 100. Ragin 300,000 da aka yi maka tayi, kafin litiyam ɗaya ya mutu ka sayi batiran ruwa sau uku. Na san wani maƙwabci da aka sa wa irin waɗannan huɗun, ba wanda ya ja masa kunne, ana guga da dare ana tayar da injin ruwa, wata goma sha huɗu suka yi ya koma gidan mai da jarka.

Amma yunit 4.3 ɗin nan zai kai ku asuba? Mu ƙirga. Fanka huɗu masu wat 70 na awa tara, yunit biyu da rabi. Ƙwan fitila goma na awa biyar, rabin yunit. Talabijin da dikoda, kusan rabi. Firjin abinci, rabi. Shi kansa inbatan yana cin kusan rabin yunit a dare ko ba abin da ke kunne. Kusan huɗu da rabi ke nan, batirin ya ƙare daidai wa daida, ba a ma ambaci firizan Hajiya ba. In aka bar su a kunne, ƙarfe uku na dare inbata zai fara kuka, a tashi ana zufa ana tsine wa mai sola.

Kada ka yi saurin ƙara batir na biyu. Gyaran yana hannun Hajiya, kuma kyauta ne. A zuba ruwan ƙanƙara da zoɓo da safe, firiza su yi aiki daga ƙarfe tara zuwa la'asar sakaliya a kan rana tsagwaronta, da magariba a kashe su a daina buɗe murfi. Firiza mai murfin sama da ke cike da ƙanƙara tana riƙe sanyinta har gari ya waye. Guga, injin jan ruwa zuwa tanki, injin markaɗe, duk a mayar da su tsakanin hantsi da azahar, kuma ba lokaci guda ba, domin firiza da injin ruwa suna fizgar wuta ninki uku ko fiye a daidai lokacin tashinsu. Dalili kuwa, da zarar batir ya cika kuma babu abin da ke jan wuta, hasken da ke sauka a kan kwanonka a banza yake tafiya. Gidan da ke da sana'ar rana kamar naka ya fi gidan ma'aikacin da kowa ke ficewa da safe morar sola nesa ba kusa ba. In kuma akwai niyyar sa esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, wannan lissafin duka ya rushe, sai a sake sabo.

Abin da ya fi tsaya min a rai a saƙonka shi ne "a jarina zan ciri kuɗin". Naira 120,000 a kan miliyan 3.8 ya kama kashi uku da ɗigo cikin ɗari a wata. Kai ka san littafinka: in miliyan 3.8 tana juyawa tsakanin Aliero, garin albasa a jihar Kebbi, da Mile 12, bayan kuɗin mota da 'yan dako da ruɓa da bashin da ba ya dawowa, nawa take bari a wata, in aka haɗa watannin samu da na rashi? In ta fi 120,000 nesa, to cire ta daga kasuwa asara ce ko da sola na da riba. Bambancin kawai, ribar sola ba ta ruɓewa, mota ba ta faɗuwa da ita a hanya. Amma kuma ranar da ka matsu ba za ka kwance ta ka sayar a kuɗinta ba, batirin da aka yi amfani da shi ba ya daraja.

Shawarata, kada ka taɓa jari a watannin da sabuwar albasa ke fitowa tana araha, daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da kowace naira ke da aikin yi. Ka bari sai ka fitar da ajiyarka a lokacin tsada, wajen Oktoba zuwa Disamba, ka sayi solar daga riba. Ya ma yi daidai da ɗaukewar ruwa a Legas. Bashin banki kuwa ban ba ka goyon baya ba. Ko an ajiye hukuncin kuɗin ruwa a addini a gefe, Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke bayarwa. Kashi 30 a kan miliyan 3.8 ya haura miliyan 1.1 a shekara, ya kusa cinye abin da za ka tsira da shi. In dole sai biya kaɗan-kaɗan, ka tambayi bankunan da ba sa harkar ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, tsarin murabaha, wato banki ya sayi kayan ya sayar maka a kan ribar da aka yanke tun farko, ka sa a rubuta maka jimillar abin da za ka biya, ka gwada ta da 120,000 ɗin nan na wata.

Ranar saye ka je da kanka, ko Alaba ne ko wurin dillalin kamfani. Takardar da ke manne a jikin kaya ba shaida ba ce, kowa na iya buga ta. Farantin wat 550 na gaske tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa ya ɗara mita ɗaya, nauyinsa wajen kilo 27. Batirin litiyam mai yunit 5 yana kai kilo 40 zuwa 50, in yaro ɗaya ya sungume shi ba nishi, ka bar musu kayansu. Ka karɓi garanti a rubuce da lambar jikin batirin, daga mai shagon da za ka iya komawa ka same shi. Mai haɗawa ya hau rufin tukuna ya duba inuwar tankin ruwa da benen maƙwabta, domin inuwa a gefen faranti ɗaya tana rage ƙarfin duk layin. Ya duba ko kwanon bai yi tsatsa ba, ya sa na'urar kariya daga tsawa da wayar ƙasa, ya ware layin dutsen guga da hita daga kan batir. Kada ka biya shi duka a ranar. Ka riƙe kashi ɗaya cikin goma sai kayan sun yi sati biyu suna aiki, ka ga da idonka nawa batirin ke nunawa da asuba kafin ka fita masallaci.