Hukuncin Nazari da Mallakar Hatiman Dutse Masu Siffofin Gumaka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin tarihi ne, ana koyar da mu hatiman dutse na tsohuwar Iraƙi waɗanda aka sassaƙa abubuwan bautarsu a jiki. Ya halatta in yi nazarinsu? Kuma ana sayar da kwaikwayonsu a intanet don ratayawa a wuya, har da waɗanda ake cewa na asali ne. Zan iya saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a karatu.

Waɗannan hatimai duwatsu ne mulmulallu kamar gaɓar kara, da huji a tsakiya. An fara yin su wajajen shekara 3500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a garuruwa irin su Uruk. Ana gangara su a kan ɗanyen yumɓu sai zanen ya fito, ya zama sa hannun mai shi. Da yawa na ɗauke da siffar Shamash, abin bautarsu na rana, ko Sin na wata, ko Ishtar.

Nazarinsu halal ne, har ina ƙarfafa ka a kai. Allah ya umarce mu a Suratur Rum, aya ta 42, mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen na da ya kasance, ya ce mafi yawansu mushirikai ne. Wanda ya ga rana da wata a kan waɗannan duwatsu zai ƙara fahimtar jayayyar Annabi Ibrahim (AS) da mutanensa a Suratul An'am. Kusan ba wanda ke bauta wa waɗannan gumaka a yau, kuma kallon ɗalibi ba girmamawa ba ne. Hotunansu a littafin karatunka ma babu laifi.

Ratayawa a wuya kuwa ba ya halatta, ko da kwaikwayo ne. Masu su na farko ma a wuya ko a hannu suke ɗaura su, suna ɗaukarsu kariya. To yaya Musulmi zai ɗora siffar abin da aka bauta wa koma bayan Allah a ƙirjinsa, ya kuma shiga salla da ita? Manzon Allah (SAW) yana da hatimi na azurfa, abin da ke kansa shi ne "Muhammadur Rasulullah", babu siffar mai rai. Haka nan kada ka kafa hatimi mai siffar gunki a ɗaki don ado.

Na asali ka nisance shi gaba ɗaya. Hadisin Jabir a Bukhari da Muslim ya haramta cinikin gumaka. Ko da wani ya ce hatimi ba gunki ba ne, akwai matsala ta biyu: a watan Afrilun 2003 an wawushe gidan tarihi na Bagadaza, dubban hatimai suka ɓace, kuma dokar Iraƙi ta hana fitar da irin waɗannan kaya. Kuɗinka na iya zama taimako ga ɓarawo. In wani ya faɗo hannunka, kada ka fasa shi, ka miƙa wa hukuma a mayar wa masu shi.

Wallahu a'alam.