Ki kira ta, kada ki ƙara rubuta mata komai

'Yar'uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. Kin ce kin tura wa ƙawarki saƙo cikin wasa, ita ta ɗauka habaici ne, yanzu ko gaisuwa ba ta amsawa, kina tambaya ko ki rubuta mata dogon bayani. Don Allah kada ki rubuta. Ki kira ta.

Ni yayar mijina ce ta yi min haka. Ta turo saƙo cewa ba za ta samu zuwa ba, na amsa da "To, ba komai." Iyakarta ke nan fa. Da a baki na faɗa, da ta ji yadda na kwantar da murya. Ita kuwa ta karanta shi da fushin da ke ranta, ta ɗauki hoton saƙon ta watsa wa dangi, wai su ga yadda nake amsa mata a gatse. Ina zaune ina shayar da yaro waya ta dinga ƙara, wannan ya yi min faɗa, wancan ya ce in ba da haƙuri. Hannuna har rawa yake, na kasa danna komai. Abin da ya fi ƙona min rai har yau shi ne lambata tana hannunta. Minti ɗaya ta kira ni ta ji daga bakina, ta ƙi. Ta zaɓi ta tara min jama'a.

Rubutu ba ya zuwa da murya, mai karantawa ne ke sa masa tasa. A 2005 wasu masana a Amurka, Kruger da Epley, sun gwada wannan da imel. Masu turawa sun tabbata za a bambance zolaya da magana ta gaske, amma masu karantawa kusan canka kawai suke yi, alhali da aka ji maganar da murya an fi ganewa nesa ba kusa ba. Ko alamar murmushin nan :-) ai saboda irin wannan rikici Scott Fahlman ya kawo ta a 1982, don a san inda ake wasa. Ita ma ba kullum take ceto ba, mai neman laifi zai ce dariya kike masa.

Idan ƙawarki ba ta ɗaga ba, ki tura saƙon murya gajere. Kada ki fara da kare kanki, ki gaishe ta yadda kika saba, ki kira sunan da kike kiran ta da shi. Kuma ki daina zama kina kallon shuɗin makin nan na WhatsApp, ni ya hana ni barci sosai, gani nake ta karanta ta yi shiru.

Sannan ku masu ɗaukar hoton hirar mutane kuna yawo da shi, ku ji tsoron Allah. Kuna yanke abin da ya gabata, ku nuna layi ɗaya, a yanke wa mutum hukunci bai sani ba. Idan ƙawarki ba ta kai maganar gaban kowa ba, ki gode wa Allah, ki kira ta yau ɗin nan.